Wai haɗa kiɗan kilasika da barkwanci ba raini ba ne?

Tambaya: "Salam Malam. Abokina ne ya turo min wani bidiyo a waya, wasu mutum biyu sanye da kwat a kan dandamali, ɗaya da goge irin na Turawa ɗaya a kan fiyano. Ana cikin kiɗa mai nauyi sai mai gogen ya fara miƙo wa mai fiyanon wasu dogayen katakwaye yana danna su a kan madannan, zauren duk ya ɓarke da dariya. Ni ma na yi dariyar amma daga baya sai na ji wani iri. A sanina kiɗan kilasika abu ne na natsuwa da girma, ko tari ba a so a yi a zauren. To wannan ba raina kiɗan ba ne? Kuma wai ma mene ne amfanin fasaha, nishaɗi ne kawai ko akwai abin da ya fi haka?"

Wa alaikumus salam. Tambayarka biyu ce ka haɗe, ɗaya ƙarama ɗaya ƙatuwa. Ƙaramar ita ce ko dariya tana zubar wa kiɗan kilasika, wato tsohon kiɗan Turawa da ake tsarawa a rubuce, mutunci, ƙatuwar kuma ita ce me ake nema da fasaha gaba ɗaya, wadda masana suka daɗe suna ja-in-ja a kanta kuma har yau ba su gama ba. Ni mai kaɗa fiyano ne kuma mai koyar da shi, to daga wannan kujerar zan amsa maka, kuma zan fara da ƙaramar don ita ce za ta buɗe mana ƙofar ɗayar.

Yadda ka siffanta bidiyon nan ba na shakka Igudesman da Joo ne. Aleksey Igudesman mai goge, haifaffen Rasha, da Hyung-ki Joo mai fiyano, ɗan Ingila ɗan asalin Koriya. Tun suna 'yan shekara 12 suka haɗu a makarantar kiɗa ta Yehudi Menuhin a Ingila, makarantar da sai yaro ya yi fice sosai ake ɗaukarsa, kuma a 2004 suka fara nuna wasan nan nasu a zauren Musikverein na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya, wato ɗaya daga cikin zaurukan da 'yan kilasika suka fi ji da su a duniya. Ka ga tun daga nan ba 'yan tasha ba ne suka shigo suna tsokanar masu gida, 'yan gida ne. Katakon nan ma akwai dalilinsa. Kiɗan da suke bugawa na Rachmaninov ne, wani mai tsara kiɗa ɗan Rasha, ya tsara shi a 1892 yana ɗan shekara 19, kuma mutumin Allah ya yi masa tsawo da manyan hannuwa, yawancinmu hannu ɗaya madanni farare takwas ko tara yake iya rufewa in an ware yatsu har ƙarshe, shi kuwa ya wuce nan nesa, shi ya sa duk wanda ya taɓa zama zai koyi kiɗansa ya san zafin da tsakanin babban yatsa da ƙaramin yake yi. To Joo yana cewa shi hannunsa ƙanana ne, sai aka sassaƙa katakwaye da 'yan ƙafafu daidai inda sautukan suke, ana miƙo masa yana dannawa. Abin da ya kamata ka lura da shi, kiɗan bai lalace ba fa. Kowane katako ya zo a daidai lokacinsa, ya sauka daidai wurinsa, in aka yi jinkirin ƙiftawar ido ɗaya shi kenan wasan ya rushe. Wallahi yin hakan ya fi bugawa da yatsu wuya.

Dariyar ta riga shirun zuwa

Wannan shirun da ka sani, na ba tari ba motsi ba tafi sai an kai ƙarshe, ba da shi kiɗan ya taso ba. A hankali ya kankama cikin ƙarni na 19 zuwa farkon na 20. A 1778 Mozart ya rubuta wa babansa wasiƙa daga Faris yana ba shi labari da murna cewa ana tsakiyar simfoninsa, wato dogon kiɗa mai yankuna da taron makaɗa suke bugawa tare, mutane suka kama tafi a wani wuri da shi da kansa ya san zai burge su, har ya maimaita wurin da gangan, da aka tashi kuma ya tafi ya sha ƙanƙara don daɗi. Yau ka yi tafi a wannan wurin sai dai ka ga ana harararka.

Babban ɗan tsokana a cikinsu kuwa Joseph Haydn ne, wanda ake kira uban simfoni. Kusan shekara 30 ya yi yana yi wa gidan sarautar Esterházy aiki. A 1772 Yarima Nikolaus ya zauna a fadarsa ta hutu a ƙasar Hangari ya ƙi tashi, makaɗa kuma an hana su zuwa da iyali, matansu suna can garin Eisenstadt, kowa ya ƙosa amma wa zai tunkari Yarima ya ce ranka ya daɗe mu tafi gida? Sai Haydn ya tsara simfoni ta 45, a ƙarshenta maimakon a rufe da ƙarfi kamar yadda aka saba sai kiɗan ya koma a hankali, mai ƙaho ya gama nasa layin ya hure kyandir ɗin gabansa ya ɗauki kayansa ya fice, can wani ma ya bi, ɗaya bayan ɗaya, har ya rage masu goge biyu kaɗai a cikin duhu-duhu. Hannunka mai sanda ke nan. Masu tarihinsa sun ce Yarima ya gane, aka ba da umarnin tashi. Kuma in ka saurare shi yau, wurin nan abin dariya ne kuma abin tausayi ne a lokaci guda, ba za ka iya cire ɗaya ka bar ɗaya ba.

Akwai kuma ta 94 da aka fara bugawa a Landan a 1792, inda a yankinta na biyu aka fara da wani ɗan kiɗa mai sauƙi kamar na rarrashin yaro, aka maimaita shi ƙasa-ƙasa har sai ka kasa kunne, kawai sai duk makaɗan da tambura su sako sauti ɗaya, dam! sannan su ci gaba kamar ba su ne ba. Labarin da ya yaɗu shi ne wai don ya tashi masu gyangyaɗi ne, amma shi Haydn ya gaya wa mai rubuta tarihinsa cewa so ya yi ya zo da sabon abu da zai sa a yi maganarsa, saboda a lokacin tsohon ɗalibinsa Pleyel ma yana Landan ana gasa da shi. Ni dai wanda na fi so shi ne wani kiɗan goge huɗu na 1781 da ake wa laƙabi da barkwanci, zan dawo kansa.

Mozart ma a 1787 ya zauna ya tsara kiɗa sukutum na kwaikwayon marubucin kiɗan da bai iya ba da makaɗan da ba su ƙware ba, masu ƙaho suna shiga da sautin da bai dace ba, mai goge ya hau sama ya ɓace hanya, a ƙarshe kowa ya rufe a nasa sautin daban. Sai Saint-Saëns na Faransa a 1886 da kiɗansa na bikin dabbobi, inda ya ɗauko kiɗan rawa mai gudun tsiya na Offenbach ya ja shi a hankali ya ce kunkuru ke nan, ya kuma saka masu koyon fiyano a cikin jerin dabbobin, wanda ni a matsayina na malaminsu ba zan ce ya yi ƙarya ba. Amma ga inda damuwarka take da gindi: shi kansa ya ji tsoron kada a daina ɗaukarsa da muhimmanci, ya hana a buga kiɗan a takarda yana raye in ban da yanki ɗaya, sai a 1922 bayan rasuwarsa ya fito. Kuma yau yana cikin ayyukansa da aka fi sani. To ka ga wannan jin wani iri da ka yi ba kai ka fara ba.

Me ke sa sauti ya ba da dariya

Sauti ba shi da kalma, to ta ina dariyar ke shigowa? Ta wurin tsammani. Kunnenka yana lissafi ko ba ka sani ba, yana cewa bayan wannan sai wancan, in an hau sai an sauko, in an yi tambaya sai an ba da amsa. Mai tsara kiɗa da wannan tsammanin yake aiki. In ya jinkirta maka abin da kake jira sannan ya ba ka, sai ka ji sanyi a rai, wani har ƙwalla. In kuma ya janye shi farat ɗaya ya ajiye maka wani abu daban, sai dariya ta kuɓuce. Igiya ɗaya ce ake ja, bambancin yadda aka sake ta ne.

Ina gwada wannan da yara a aji tun satin farko. Sai in hau tsanin sauti, do re mi fa so la ti, in tsaya nan, in ɗauke hannu in naɗe a ƙirji in kama kallon silin. Ba a daƙiƙa uku sai ka ga ana mutsu-mutsu, wani ya ce Malam saura ɗaya, wata ta rufe baki tana ƙyaƙyatawa, kuma kusan kullum sai an samu mai ƙarfin halin da zai taso ya zo ya danna do ɗin da kansa, sai ajin duk ya sauke numfashi. Yaran nan ba wanda ya taɓa gaya musu dokar, amma dariyarsu ta nuna min kunnensu ya riga ya santa. Shi ya sa nake cewa dariyar da kiɗa ya jawo shaida ce an saurara. Mutum zai iya zama awa biyu ya ɗaure fuska a zaure hankalinsa yana kan kuɗin haya, ba mai ganewa, amma ba zai yi dariya a daidai wurin ba sai in yana tare da makaɗan.

Mu ma ai mun san wannan a wajen 'yan kama. Ɗan kama zai ɗauko salon karatun malami ko wata sananniyar waƙa, muryar nan da tsayawar nan da jan numfashin nan duk daidai, amma abin da ke ciki tuwo ne da miya da nama. In bai iya salon ba ba wanda zai yi dariya, in kai mai sauraro ba ka san asalin ba ma ba za ka gane inda aka karkace ba.

Daga ƙarni na 20 ne abin ya zama sana'a mai zaman kanta, kuma dalilin a fili yake, da zaure ya cika da ƙa'ida da shan kunu sai ya zama akwai abin tsokana. Victor Borge, haifaffen Kofanhegan a 1909, Bayahude ne da ya riƙa yi wa 'yan Nazi shaguɓe a dandamali, da Jamus ta mamaye Danmak a 1940 yana Suwidin, daga nan ya tsere Amurka ba ya jin Turanci, a gidan silima ya koya. A 1953 ya buɗe wasansa shi kaɗai a Broadway, unguwar gidajen wasan kwaikwayo ta birnin New York, aka yi shi sau 849. Shi ne mai ɗaura bel irin na mota a kujerar fiyano don kada muryar mawaƙiya ta sake kayar da shi, shi ne zai buga wani abu maras kai da gindi sai ya leƙa takardar ya juya ta, ashe a kife take. Amma a kowane wasa akwai inda zai bar wasan ya buga kiɗa tsakani da Allah na 'yan mintuna, zauren ya yi tsit, kuma saboda an riga an yi dariya tare an saki jiki sai kiɗan ya shiga mutane fiye da yadda zai shiga da a ɗaure suke. A Landan kuma a 1956 Gerard Hoffnung ya shirya biki a Royal Festival Hall inda Malcolm Arnold ya tsara kiɗa da injin zuƙe ƙura guda uku da injin goge daɓe da bindigogi, Dennis Brain kuma, gwanin ƙaho na zamaninsa, ya busa tiyon ban ruwa. Sai Peter Schickele a Amurka da ya ƙirƙiro wa Bach, shahararren mai tsara kiɗa na Jamus, wani ɗa na ƙarya ya riƙa "gano" kaɗe-kaɗensa, har ya ci lambar yabo ta kiɗa ta Grammy sau huɗu a jere daga 1990 zuwa 1993. Akwai inda ya sa ana buga simfoni ta biyar ta Beethoven ana sharhi a kai kamar na 'yan wasa a fili, ga wannan ya karɓa, ga mai ƙaho ya yi kuskure, kuma in ka gama dariyar sai ka tarar ka fahimci ginin kiɗan fiye da yadda lacca za ta fahimtar da kai. Kai, ko Tom and Jerry da muka taso muna kallo, kashin da Tom yake kaɗa fiyano da kwat Jerry yana cikin fiyanon, kiɗan Liszt ne, kuma fim ɗin ya ci lambar yabo ta Oscar a 1947. Da yawanmu a nan muka fara jin kilasika ba mu san sunansa ba.

Inda abin yake zama raini

Ba zan ce maka duk wanda ya haɗa su ya kyauta ba. Akwai mai yin barkwancin a cikin kiɗan, akwai mai yin sa a kan kiɗan. Na biyun shi ne wanda zai sa gashin doki ya murguɗa fuska ya yi ta ihu wai opera, wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, yake kwaikwaya, saƙonsa kawai wannan abin na masu girman kai ne kada ku kula shi. Wannan mutane za su yi dariya su tashi ba su ƙaru da komai ba, ƙarshe ma sun ƙara nisa da kiɗan. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne, in aka cire barkwancin, abin da ya rage zai sauraru? A wajen Borge da su Joo amsar e ce.

Sannan kuskuren ganganci sai gwani. Ɗalibaina manya in na ce su saka sauti ɗaya ba daidai ba a wani wuri takamaimai, yawanci ko dai yatsan ya ƙi ya tafi inda ya saba, ko kuma su rage gudu kafin wurin har kowa ya san wani abu na zuwa, dariyar ta mutu tun ba a haife ta ba. Dole kuskuren ya fito da cikakken ƙarfin zuciya, fuska ba alamar komai. Akwai kuma kiɗan da ni ba zan taɓa shi da wasa ba, kamar wanda aka tsara don makoki ko don ibadar masu shi, ba don wata doka ba sai don abin da aka zuba a ciki ba na wasa ba ne. Wani abin da ke ɗan damuna kuma shi ne gajerun bidiyon waya, su TwoSet Violin na Ostireliya sun jawo matasa masu ɗimbin yawa wajen goge kuma na yaba musu, amma akwai wanda zai tsaya a daƙiƙa 40 na dariya har abada bai taɓa zama ya ji kiɗa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba. Wannan ba laifin barkwancin ba ne, amma yana faruwa.

To amfanin fasahar fa?

A nan masana sun rabu. A Faransa cikin shekarun 1830 su Théophile Gautier suka tsaya a kan cewa fasaha don kanta ake yin ta, da zarar ka nema mata amfani ka ɓata ta. Tolstoy na Rasha a 1897 ya zo ya ce sam, fasaha ita ce mutum ya ji wani abu a ransa ya sa wani ma ya ji shi, kuma in talaka ba zai gane ba to ba ta cika ba, har ya kai ga sa simfoni ta tara ta Beethoven a layin fasaha maras kyau, wanda a nan kam ni da shi mun raba hanya. Amma rabin maganarsa ta farko ina tare da ita.

Nawa ra'ayin, daga abin da nake gani a aji da kan dandamali, fasaha aikinta ta sa ka lura. Ta kamo hankalinka da ke warwatse ta ajiye shi wuri ɗaya, kai da wasu mutane a lokaci guda, har ku ji abu ɗaya tare. Abin da za ku ji ɗin zai iya zama baƙin ciki ko kwarjini ko dariya, ban ga dalilin da zai sa a ce kuka ne babba dariya ƙarama ba, kuma nishaɗin da kake cewa "kawai" ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya wuni yana fama. Makaɗan Haydn sun samu tafiya gida, Yarima bai ji kunya ba, mu kuma bayan shekara 250 muna jin kiɗan yana taɓa mu, wanne ne amfanin a ciki? Duka ne.

Iyakata dai ita ce ni makaɗi ne, falsafar na karanta ta ne gwargwadon buƙatar aikina, wanda ya yi zurfi a cikinta zai iya kawo maka hujjojin da suka fi nawa tsari. Kuma in tambayarka tana da ɓangaren hukuncin kiɗa a addini, wannan na malamai ne ba nawa ba.

Abin da zan ba ka shawara, ka nemo kiɗan goge huɗun nan na Haydn na 1781, lamba ta 2 a jerin Opus 33, ka tafi yankin ƙarshe, bai kai minti huɗu ba. Ka nemi wanda aka ɗauka a gaban jama'a ba na situdiyo ba. Kada ka kalli sandar da ke nuna saura minti nawa, ka ajiye wayar a kife, ka yi niyyar tafawa a daidai inda kake ganin an gama. Zai tsaya, ka ɗaga hannu, ya ci gaba, ya sake tsayawa ya fi na farko daɗewa, kuma a wasu faifan za ka ji 'yan zauren sun faɗa tarkon sun fara tafi sannan su kwashe da dariya. Bayan nan sai ka koma bidiyon katakon, amma wannan karon ka fara jin kiɗan Rachmaninov ɗin yadda yake ba wasa, wajen minti huɗu ne shi ma, sannan ka sake kallon su Joo ka ƙirga katako nawa aka miƙa ba tare da kiɗan ya yi tuntuɓe ba.